Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Ba A Wanka Da Ita

'Yan uwana ɗalibai, kakar zaɓen ƙungiya ta sake zagayowa, kuma kamar kullum Turanci ya yi tsada a harabar makaranta. Bangon ɗakunan lakca ya cika da fastoci. Kowane ɗan takara ya zama "indefatigable", abokin hamayyarsa kuwa "nincompoop". Daren gabatar da manufofi wani zai hau mumbari ya saki kalma mai gaɓa shida, zaure ya kaure da tafi, a yi ta "Kwamared! Kwamared!" In ka ja wanda ya fi kowa tafi gefe ka ce, "Malam, me ya ce ne?" sai ya ce maka, "Oho, amma dai ai ka ji Turanci."

Abin da ke damuna shi ne, wannan mai tafin shi ne gobe za a miƙa wa takardar hayar ɗaki, ko takardar tsaya wa aboki a kan bashi, ko wasiƙar kwamitin ladabtarwa, ya karanta bai gane ba, ya ji kunyar tambaya, ya zare biro ya sa hannu. Tsofaffin kalmomin da muke yi wa tafi a zaure ba su taɓa cin kowa tara ba. Waɗanda ke cin mutum tara suna nan kwance cikin takardun da muke sa wa hannu, ba mai kula su.

Don haka ra'ayina a fili yake. Ya wajaba kowane ɗalibi ya san ma'anar tsofaffin kalmomin Turanci, domin ya kare kansa da su. Amma duk wanda ya mai da su kayan ado, yana jifan mutane da su don a ce ya iya, to bai gane amfaninsu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, haka Bahaushe ya ce. Bai ce a yi wanka da ita ba.

Darasin Kufena

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Wusasa ya ga duwatsun Kufena, yamma da birnin Zariya. Tarihin Zazzau ya ce daga Turunku sarauta ta taso ta zauna a Kufena, kafin a kafa birnin da muka sani yanzu, a zamanin gidan Bakwa Turunku, gidan da Sarauniya Amina ta fito. Har yau in ka zagaya gindin dutsen za ka ga ragowar tsohuwar ganuwa, wani wuri ta zube ta zama tudu, wani wuri an yi gona a kanta.

Babu mai hankalin da zai ce a kwashe kasuwar birni da fadar Sarki a mayar gindin dutsen nan saboda can kakanni suka zauna. Haka kuma babu Bazazzagin kirki da zai ce a kawo katafila a baje wurin tun da ba kowa ciki. Wanda bai san Kufena ba, bai san dalilin da ya sa Zariya take inda take ba. To haka harshe yake. Yana da birnin da ake hada-hada a cikinsa, yana da kufan da aka tashi aka bari. Ana zuwa kufai a gano asali, ba a tarewa a can.

Kuma in dai zancen haɗuwar Turanci da Hausa ne, mu mazauna Zariya ba baƙi ba ne. Mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birni ya koma Wusasa, ƙarƙashin inuwar Kufena, a 1929, kuma Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. A Zariya Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Dokta Rupert East. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. A nan su Malam Nuhu Bamalli suka yi aikin rubutu da fassara. Mutanen nan sun ci Turanci sun ƙoshi, amma aikin rayuwarsu shi ne su sauko da magana ƙasa yadda manomi da maɗinki za su gane. Wannan gadon muka tarar a garin nan. Yanzu mu kuma mun juya shi, muna ɗaukar magana mai sauƙi muna hawa da ita kan dutse.

Tsohon Turanci a bakin kakanninmu

Abin dariyar ma shi ne, tsohon Turancin da ɗan takara ke wahalar tonowa daga ƙamus, kakarsa da ba ta taɓa shiga aji ba tana furta irinsa kullum.

Ɗauki sunan jaridar nan da na ambata. Kwabo daga "copper" ya fito, wato jan ƙarfe, sunan da Turawan da ke kiran ƙaramin tsabar kuɗinsu. Sisi shi ne "sixpence", sule "shilling", fam kuma "pound". Ingila ta yi ban kwana da lissafin sule a 1971, Nijeriya ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973. Amma har gobe in aljihu ya bushe cewa kake yi ba ka da ko sisi. Tsofaffin 'yan kasuwa kuma har yanzu in suka ce jaka guda, naira 200 suke nufi, domin fam 100 ke cika jaka, fam ɗaya kuwa naira 2 ce.

Fantimoti, akwatin tafiyar nan na iyayenmu, daga "portmanteau" yake, kalmar da in ka faɗa wa matashin Landan yau sai ya tsaya kallonka. Falon da kake zama ka kalli ƙwallo "parlour" ne, tushensa kuwa kalmar Faransanci ce mai nufin yin magana, wato ɗakin hira. Kanti "canteen" ne. Kwalta "coal tar" ce. Garmaho "gramophone" ne. Hankici "handkerchief" ne. Kantoman da gwamna ke naɗawa ya riƙe ƙaramar hukuma, sunansa ya samo asali daga "Cantonment Magistrate", Baturen da ke shari'a a unguwar bariki zamanin mulkin mallaka. Sati da muke cewa a madadin mako, daga "Saturday" ne.

Akwai wata da nake so ƙwarai, "fortnight", wato mako biyu. Asalinta "fourteen nights" ne, dare goma sha huɗu. Ka ga ke nan Turawan da can da dare suke ƙirga lokaci, kamar yadda mu har yau muke cewa kwana goma sha huɗu, ba mu ce wuni goma sha huɗu ba. Tana da ƙanwa, "sennight", dare bakwai, amma ita ta mutu tuni, sai a tsofaffin littattafai.

Sai dai a yi hattara, ba duk kalmar da ta yi kama da wata ce 'yarta ba. Shekara da shekaru ana gaya mana cewa boko daga "book" ya fito. A 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin Hausa, ya rubuta maƙala ya nuna cewa boko kalmar Hausa ce ta asali, mai nufin abin da ba na gaske ba, abin yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Da wannan sunan kakanninmu suka tarbi karatun Bature. Darasin a nan shi ne, asalin kalma bincike yake so, ba a cankarsa da kunne.

Kalmomin da ke zagaye da mu a makaranta

Yanzu mu dawo cikin harabarmu. Tun ranar da ka shigo, tsofaffin kalmomi ke juya ka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

"Matriculation" daga kalmar Latin take mai nufin kundin sunaye. Ranar da ka sa doguwar riga aka yi ta hotuna, abin da ya faru a doka shi ne sunanka ya shiga kundi, ka kuma yi alkawarin bin dokokin makaranta. Hoton ba shi ne aikin ba, alkawarin ne. "Rector" ma'anarsa mai mulki, mai miƙar da al'amari. "Bursar" daga kalmar da ke nufin jakar kuɗi, wato ma'aji. "Convocation" kiran taro ne kawai.

Waɗannan ba su da haɗari. Ga masu haɗarin. "Rustication" tushenta kalmar Latin ce mai nufin ƙauye. A tsofaffin jami'o'in Ingila, Oxford da Cambridge, in ɗalibi ya yi laifi sai a tura shi gida, can karkara, ya yi wani lokaci ya dawo. Dakatarwa ce mai wa'adi. "Expulsion" kuwa kora ce, ba dawowa. Tsakanin kalmomin nan biyu akwai difloma guda. Ɗalibin da bai bambance su ba yana iya kwashe kayansa ya tafi gida ya yanke ƙauna, alhali zango biyu kawai aka ce ya huta. Wani kuma an kore shi ne, amma yana zaune yana jiran ranar dawowa, har lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce shi.

"Sine die" Latin ce, ma'anarta babu rana. In aka ce an rufe makaranta ko an ɗage zama haka, to sai baba ta gani ke nan. "Forthwith" nufinta nan take, ba gobe ba, ba bayan ka gama jarrabawa ba. "Notwithstanding" nufinta duk da cewa, kuma duk inda ka gan ta a doka, to tana rushe wani abin da aka faɗa a baya ne, sai ka koma ka duba me ta rushe. "Shall" a takardar doka tilas ce, "may" zaɓi ce. Wallahi da yawa daga cikin rigingimun majalisar ɗalibai a kan tsarin mulkin ƙungiya, in ka tona, a kan ƙananan kalmomin nan biyu suke, ba a kan masu gaɓa shida ba.

Inda abin ke cizo

Na san wasu ɗalibai huɗu da suka haɗu suka kama ɗaki da falo a wajen makaranta. Mai gidan ya kawo takarda ta lauya, shafi uku, suka sa hannu duka. A ciki akwai inda aka ce za su biya haya "jointly and severally". Su a saninsu "severally" tana nufin sau da yawa, kamar yadda muke cewa na kira ka "severally" ba ka ɗauka ba. Sai suka ɗauka an ba su damar biya kashi-kashi, har suna yaba kirkin mai gida. Shekara ta zagayo, biyu suka gama suka tafi, ɗaya ya koma gidan ɗan uwansa. Mai gida ya riƙe na huɗun ya ce ya biya bashin duka. Kuma takarda tana bayansa, domin a harshen doka kalmar tana nufin kowa a kan kansa: ana iya bin su a tare, ana kuma iya kama mutum ɗaya a ce ya biya na kowa. Yaron nan sai da ya sayar da kwamfutar da yake rubuta furojet da ita.

Ka lura, ma'anar da suka sani ba ƙarya ba ce. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da okada, da danfo, da Kannywood, da wannan "severally" ɗin da ma'anarmu ta sau da yawa. Amma alƙali ba da ma'anar titi zai yi hukunci a kan yarjejeniya ba, da tsohuwar ma'ana zai yi.

Takardun haya cike suke da irin wannan tarko. "Demised premises" ba gidan mamaci ba ne, gidan da aka ba ka haya ne. In aka ce yarjejeniya za ta "determine" a rana kaza, ƙarewa za ta yi. "Quiet enjoyment" ba umarni ba ne cewa ka rage ƙarar rediyo. Haƙƙinka ne, alkawarin mai gida ne cewa ba zai dame ka ba muddin kana biya. Ka ga wanda bai sani ba sai ya ɗauki garkuwarsa a matsayin bulalar da za a doke shi da ita. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

"Surety" ko "guarantor" kuma ba shaida ba ne cewa ka san mutum. Lamuni ne. In ya gudu, kai za ka biya. Ke 'yar uwa, kafin ki sa hannu wa ƙawarki a takardar bashi don kunya, ki tambayi kanki ko kina da abin biya. "Affidavit", takardar rantsuwar da muke zuwa kotu mu yi don shekarun haihuwa ko ɓatan takarda, ma'anarta a Latin ya rantse. "Deponent" da ke ƙasan takardar kai ne, mai rantsuwar, kuma ƙarya a ciki laifi ne da doka ke hukuntawa. "Next of kin" da muke cikewa a kowane fom, "kin" tsohuwar kalma ce mai nufin dangi. Mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta a nan shi ne magaji. Ba haka ba ne. Shi ne wanda za a fara nema in wani abu ya faru. Rabon gado yana da dokarsa daban, ga Musulmi kuwa shari'a ta riga ta yanka wa kowa rabonsa. Gidaje nawa wannan rashin fahimtar ya haɗa faɗa?

Ko fasfo ɗinka ka buɗe, za ka ga ana roƙon a bar mai shi ya wuce "without let or hindrance". Kai ka san "let" da ma'anar bari. A nan kishiyar haka take nufi, wato tarewa, tsohuwar ma'ana ce da ta maƙale a takardun hukuma.

Me ya sa Turancin doka yake haka? Tarihi ne. A 1066 Wiliyam na Normandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, Latin harshen rubutu da coci, Turanci kuwa harshen talakawa. Shi ya sa lauyoyi suka saba jera kalmomi bibbiyu, ɗaya ta gida ɗaya baƙuwa, kamar "will and testament" ko "goods and chattels". Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Shiga kotun shari'a a cikin birni ka ji: mudda'i, mudda'a alaihi, iƙirari, bayyina. Hausa ake yi, amma ƙashin bayanta Larabci ne, kuma wanda bai san kalmomin ba sai ya nemi mai fassara masa harshen uwarsa.

Kalma ba ta zama wuri ɗaya

Wani dalilin da ya sa ba a wasa da tsohuwar kalma shi ne, tana sauya riga. "Nice" da kake gaya wa budurwa, shekaru 700 da suka wuce wawa take nufi, daga kalmar Latin mai nufin jahili. "Silly" kuwa a da mai albarka ce. "Meat" kowane irin abinci ne, "deer" kowace dabbar dawa, "girl" ƙaramin yaro ko mace ko namiji.

Kowane sashe a makarantar nan yana da nasa. 'Yan aikin jarida, "broadcast" asalinta watsa iri ne da hannu a gona, shi ya sa watsa labarai ta zauna daram a Hausa. 'Yan kwamfuta, "computer" a ƙarni na 17 mutum ne mai aikin lissafi, ba na'ura ba. 'Yan gine-gine, "plumber" daga sunan dalma yake a Latin, shi ya sa alamarta a kimiyyar sinadarai take Pb. 'Yan injiniya, "manufacture" asalinta yi da hannu. 'Yan akanta, "capital" da "chattel" da "cattle" tushensu ɗaya, kamar dai yadda Bafulatani in ya ce dukiya shanu yake nufi. "Imprest" da "arrears" da "ex gratia" kuwa suna jiranku a ofis ranar da kuka fara aiki. Wanda ya san asalin kalmar sana'arsa ba ya haddace ta da daren jarrabawa ya manta da safe. Ta zauna masa.

Masu abin ma sun sauke

To ga inda muka rabu da masu Turancin mumbari. Su suna ganin nauyin kalma shi ne nauyin ilimi. Amma masu harshen da kansu sun daɗe da gane cewa ba haka ba ne. A 1948 Baitulmalin Birtaniya ya sa Sir Ernest Gowers ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati littafi mai suna Plain Words, don su daina rubuta wa talaka wasiƙar da ba zai gane ba. A 1999 kotunan Ingila suka ajiye kalmar "plaintiff" suka ɗauki "claimant", tare da wasu tsofaffin kalmomi da suka sauya. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa hukumomin gwamnatin Amurka rubuta wa jama'a takardu da harshe mai sauƙi. Masu kaya sun sauke, mu 'yan aro muna ta nishi da shi a ka. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, "Kai malam, a ƙasar nan in ba ka fasa Turanci ba, ba a ganin girmanka." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kowa ya san Honarabul Patrick Obahiagbon na jihar Edo, wanda ya yi suna a Majalisar Wakilai saboda manyan kalmomi, har yau ana yawo da bidiyonsa a waya. Amma ku tambayi kanku, cikin masu tura bidiyon nan, mutum nawa ne za su iya faɗa muku batun da yake magana a kai? Nishaɗi aka ɗauka, aka bar saƙon. Shi ma lauya ne da ya ci ƙamus. Masu kwaikwayonsa a nan kuwa jiya da dare suka tono kalmar, yau su jefa ta inda ba gurbinta ba.

Ku gwada shi da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare. Ku nemi jawabinsa na ranar 1 ga Oktoban 1960 ku saurara. Ɗan sakandare zai bi shi daga farko har ƙarshe ba tare da ƙamus ba, amma Turawa da kansu sun jinjina wa Turancinsa. Ƙarfin maganarsa a tsari yake da natsuwa, ba a tsawon kalma ba.

Wasu kuma za su ce, "To ai ga waya a hannu, duk kalmar da ta shige mini duhu sai in duba." Madalla, a duba ɗin. Amma yaran nan huɗu ma suna da waya. Ba su duba ba ne domin sun ɗauka sun sani. Tsohuwar kalma mai haɗari ba ita ce baƙuwar da ka gani ka tsorata ba. Ita ce wadda ta zo maka da fuskar wanda ka sani.

Akwai kuma zancen adalci. A zauren nan akwai ɗalibar da ta fito daga makarantar ƙauye, akwai wanda sai da ya yi shekaru a makarantar allo kafin ya shiga boko, akwai magidancin da ke karatun yamma bayan ya taso daga aiki. Duk sun biya kuɗin ƙungiya. In shugaba ya yi musu bayanin yadda aka kashe kuɗinsu da harshen da ba za su gane ba, ya hana su damar tambaya. Sau da yawa ma da gangan ne. In lissafi bai cika ba, sai a cike giɓin da Turanci. Duk ranar da kuka ji bayanin kuɗi ya cika kalmomi masu ƙaho, ku ce a kawo rasit.

Abin da nake nema daga ƙungiya

Ba dogon abu ba ne, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa.

Na farko, ƙungiya ta zauna da malaman Turanci da wani lauya mai son taimako, a tsamo kalmomi masu wuya daga littafin dokokin ɗalibai, da takardun haya, da takardun horon sanin makamar aiki, a fassara su da Turanci mai sauƙi da Hausa. Shafi huɗu ya isa. A raba wa sababbin ɗalibai ranar rantsarwa, a kuma tura a zaurukan WhatsApp na kowane aji.

Na biyu, mujallar nan ta ware ɗan gurbi a kowace fitowa, kalma biyar: ma'anarsu, asalinsu, da inda ɗalibi zai ci karo da su. Kayan aiki suna nan. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 za su taimaka ta ɓangaren Hausa, domin mu ma muna da namu tsofaffin kalmomin da ke mutuwa a hannunmu.

Na uku, ofishin jin daɗin ɗalibai ya sa rana ɗaya a mako da ɗalibi zai kawo duk takardar da aka ce ya sa wa hannu, a karanta masa kafin ya sa. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, kuma wannan ga hukumar zaɓe nake miƙa shi: a daren manufofi, bayan ɗan takara ya gama Turancinsa, a ba shi minti biyu ya maimaita alkawuransa da Hausa, ko da Turancin kasuwa, ko da duk harshen da na bayan zaure zai gane. Wanda ya san abin da yake faɗa ba zai sha wuya ba. Wanda kuma ya haddato ne, nan za a gan shi.

Kai kuma ɗan uwa mai karatu, kafin ƙungiya ta motsa, ka fara da kanka. Yau da dare ka ɗauko takardar hayarka da littafin dokokin makaranta, ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ba za ka iya fassara wa mahaifiyarka ba. Ka duba ta, har da waɗanda kake ganin ka sani. In ba ka gamsu ba ka tambayi wanda ya fi ka, matambayi ba ya ɓata. Ranar zaɓe kuma, in wani ya sako maka kalma mai gaɓa shida, ka riƙe tafinka tukuna, ka ɗaga hannu ka ce, "Kwamared, mun ji. To yaushe za a gyara famfon hostal?" Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.